UNGULU TANA ƘAREWA: ABIN DA BINCIKEN TSUNTSAYE YA NUNA

Jama'a, duk wanda ya manyanta ya san lokacin da ba a raba kwata da ungulu. Yau kuwa akwai garuruwa da yawa inda yaro zai girma bai taɓa ganinta ba.

Abin da ya faru a 2015

A cikin shekarar 2015 aka sami abubuwa biyu muhimmai game da wannan al'amari. Na farko, Ƙungiyar Duniya ta Kare Halittu, watau IUCN, ta sa irin ungulu huɗu na Afirka cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ungulun nan ta kwata da kasuwa tana cikinsu. Na biyu, a shekarar ce aka soma shirin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga, kusa da Jos. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara tsawo da faɗi. Masu sha'awar kallon tsuntsaye sukan shiga gida guda su rubuta duk irin da suka gani, su aika. Da haka ake gane inda tsuntsu yake da inda ya ɓace.

Me ke kashe ta?

Waɗansu sukan sa guba a mushe, ungulu da yawa su ci su mutu a lokaci guda. Waɗansu suna kama ta su sayar da kanta da ƙafafunta ga masu tsubbu. Ga kuma saran manyan itatuwa, kamar rimi da kuka, inda take sheƙa. Ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, saboda haka abin da aka kashe ba ya mayuwa da sauri.

Amfaninta

Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba a biya. Takan cinye mushe kafin ya ruɓe. In babu ita, sai ƙudaje da ɓeraye da karnukan sake su yawaita, cuta kuwa ta biyo baya.

Abin da ake bukata gare ku

Kada a sa guba a mushe. Kada a sayi sassan jikin ungulu. A bar itacen da take sheƙa a kai. Wanda ya ga ana kama ta, ya sanar da mai unguwa ko ma'aikacin gandun daji mafi kusa. Malaman makaranta kuma su koya wa yara sunayen tsuntsayen garinsu da yadda ake ƙidaya su.