Wanke Injin Tsohuwar Mota da Feshi: Haɗarin Yana Cikin Hanyar Mai

Alfa Romeo ta fito da injinta mai shaf biyu a shekarar 1954, kusan duka jikinsa na alminiyam. Jaguar E-Type ta 1961 kuwa kan injinta ne na alminiyam. Waɗannan motoci yau kadara ce, kuma mai saye yakan ɗaga bonet kafin ya dubi fenti. Alminiyam ba ya jan tsatsa, sai dai shekaru na sa shi ya dushe, ya yi farin gari, baƙin mai ya shige ƙofofin jikinsa. Yawancin sassan zubin yashi ne, irin na masu zubin tukwane a kasuwanninmu, shi ya sa fatarsu ke da ɗan kaushi. Wannan kaushin shi ne shaidar asali, kuma shi gwani ke ƙoƙarin karewa.

Dabarar kankare ƙarfe ta hanyar fesa yashi da ƙarfin iska tsohuwa ce, tun 1870 Benjamin Tilghman ya yi mata rajista a Amurka. Amma yashi ya yi wa alminiyam tsauri, yana cinye fatar, ƙurarsa kuma tana lalata huhun mai aiki. Don haka aka koma wa wasu abubuwan: garin ɓawon 'ya'yan itacen walnut, da bekin soda wadda ruwa ke narkarwa (da ita aka kankare cikin Gunkin 'Yanci na New York a shekarun 1980), da daskararriyar iskar kabon da ke ɓacewa da zarar ta bugi ƙarfe.

Wanda ya fi farin jini shi ne ƙwayoyin gilashi, musamman in an gauraya su da ruwa. Ruwan yana rage zafin bugu, ƙwayoyin suna lallashe fatar maimakon su yanke ta, sai ƙarfen ya fito da sheƙi mai laushi. A nan kuma ɓarnar take. Gilashi ya fi alminiyam tauri, ba ya narkewa a mai. Ƙwayar da ta maƙale a hanyar mai ko a ramin noti takan yi lamo har sai injin ya ɗau zafi, sannan ta biyo mai ta kai ga boris da karanshaf ta fara nika. Injin da aka kashe wa dukiya kan buga cikin ɗan lokaci.

A ganina, aikin ƙwararre ba a wajen feshi ake gane shi ba. Kafin ya fara, zai wanke maiko sarai, domin maiko ke riƙe ƙwaya, ya toshe kowace kafa, ya rufe wuraren zaman gasket. Bayan ya gama zai cire matosai, ya zura buroshi, ya wanke da ruwan zafi da sabulu, ya busa iska, ya sake. Sashen da ke da lungun da buroshi ba ya kaiwa, soda ta fi dacewa da shi, ko da sheƙin bai kai ba.