Taron Keɓewa na Matasa: Ina Dutsenmu a Sakkwato?

Gabatarwa

Idan hutun makaranta ya kusa, musamman na Agusta da Disamba, shugabannin zumuntar matasa sukan zo wurin fasto da roƙon a shirya musu taron keɓewa. Wasunsu sun ga hotunan matasan Turai a waya, suna addu'a a bisa duwatsu cikin dusar ƙanƙara. Wasu sun taɓa zuwa Jos, sun dawo suna cewa a can suka ji kusanci da Allah. Tambayar da ke gabanmu ita ce: dutsen ne yake taɓa zuciya, ko wani abu dabam? Amsar da muka bayar za ta shafi kuɗin ikilisiya, da lafiyar 'ya'yanmu a hanya, da abin da za su koya game da inda ake samun Allah.

1. Dutse a cikin Littafi Mai Tsarki

Musa ya yi kwana 40 a Dutsen Sina'i (Fitowa 24:18). Iliya ya tafi Horeb a gajiye, har yana roƙon mutuwa (1 Sarakuna 19). Mu lura da yadda Allah ya bi da shi. Da farko barci da abinci, sa'an nan tafiya. A bisa dutsen aka yi iska mai ƙarfi, da girgizar ƙasa, da wuta, amma ba a cikinsu Ubangiji ya bayyana ba, sai a cikin 'yar siririyar murya.

Yesu kuma ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya zuwa wani dogon dutse, inda kamanninsa suka sāke (Markus 9:2-8). Al'adar ikilisiya ta ce Dutsen Tabor ne. Masana da yawa kuwa suna ganin Dutsen Harmon ne, domin yana kusa da Kaisariya Filibi inda suke kafin nan. Tsayinsa ya kai wajen mita 2,800, dusar ƙanƙara kuma tana rufe ƙwanƙolinsa lokacin sanyi. Amma Matiyu da Markus da Luka duk ba su faɗi sunan dutsen ba. Yesu da kansa ya koya wa matar Samariya cewa sujada ta gaskiya ba a ɗaure take da wani dutse ba (Yahaya 4:21-24). Shi ma yakan tashi da asuba ya tafi inda ba kowa (Markus 1:35), ya kuma koya mana shiga ɗaki mu rufe ƙofa (Matiyu 6:6).

Abin da dutse yake bayarwa abu uku ne: nisa daga hidimar yau da kullum, shiru, da isasshen lokaci.

2. Misalai biyu

A 1955 Francis Schaeffer da matarsa Edith suka buɗe gidansu a ƙauyen Huémoz, cikin duwatsun Suwizalan, suka kira shi L'Abri, wato mafaka. Matasa daga ƙasashe da yawa suka riƙa zuwa. Abin da ya riƙe su shi ne an ba su damar yin kowace irin tambaya game da bangaskiya, ana cin abinci tare, ana aiki, ana nazari. A ƙasarmu, mishan ɗin SIM ya kafa gidan hutu a Miango kusa da Jos, a tudun Filato mai tsayin fiye da mita 1,200, domin ma'aikatan bishara su huta daga zafi su sabunta ƙarfi. Har yau ikilisiyoyi suna yin taro a wurin. A duka biyun, hutu da sauraro ne ainihin aikin.

3. Halin da muke ciki a Sakkwato

Ba mu da dogon dutse. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Zuwa Jos tafiyar yini guda ce, hanyar kuma ta bi ta Gusau da Funtuwa, inda matafiya suka sha fama da masu garkuwa da mutane. Fasto da ya cika mota da matasa ya bi wannan hanya, dole ya auna abin da zai faɗa wa iyayensu. Kuɗin mota kaɗai yakan hana 'ya'yan marasa hali zuwa.

Duk da haka matasanmu suna bukatar keɓewa ƙwarai. Suna zaune a matsayin tsiraru. Tun kisan wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a watan Mayu 2022, da yawa suna ɗauke da tsoro da fushi waɗanda ba sa faɗa a sujadar Lahadi. Ga rashin aiki, ga matsin aure. Suna kuma ganin maƙwabtanmu Musulmi suna shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, a masallacin cikin gari, ba tare da sun je ko'ina ba. Mu ma harabar majami'a ko makarantar ikilisiya ta ishe mu, musamman a sanyin hunturu.

Ga abin da muke ba da shawara:

a) A ba mahalarta barci da abinci isasshe. Kwanan addu'a uku a jere ba ya barin kowa ya yi tunani.

b) Kada wa'azi ya wuce biyu a rana. Tarurruka da yawa sukan cika da lasifika da kaɗe-kaɗe daga asuba har dare. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

c) A ajiye wayoyi wurin dattijo guda na wasu sa'o'i.

d) Kowace safiya a ba kowa sa'a ɗaya shi kaɗai, da Littafi Mai Tsarki da takarda. A ba shi gajeren nassi, kamar Zabura 139, da tambaya ɗaya: me nake ɓoyewa ga Allah?

e) A tanadi masu ba da shawara, maza ga maza, mata ga mata, waɗanda suka iya riƙe asiri.

4. Saukowa daga dutse

Bitrus ya so a kafa bukkoki uku a zauna. Yesu kuwa ya sauko da su, suka tarar da gardama, da uba mai kuka saboda ɗansa mai aljan (Markus 9:14-29). Iliya ma an komar da shi bakin aiki, aka haɗa shi da Elisha. Saboda haka kada mu auna taro da yawan hawaye ko yawan waɗanda suka fito gaba. Kafin a watse, kowane matashi ya rubuta abu ɗaya da zai yi: wanda zai nemi gafararsa, ko halin da zai bari. A haɗa shi da wani babba cikin bangaskiya da zai neme shi bayan mako biyu, da kuma bayan wata uku.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A taron matasa na ƙarshe a ikilisiyarku, minti nawa aka ba shiru?
2. Wa zai saurari matashin da ya zo da shakka ko fushi?
3. Wane wuri ne kusa da ku zai iya zama wurin keɓewa?