Sukur: Ƙauyen da Ƙasa ta Sauya Masa Sau Uku Bai Gusa ba

Duk wanda ya tsaya a Kafanchan ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Kagoro ya san cewa ba don shan iska kakannin wasu suka tare a kan duwatsu ba. Gudun mahara ne ya kai su. Can gabas kuma, a Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, akwai wani ƙauye mai irin wannan tarihi. Sunansa Sukur, yana kan duwatsun Mandara, a tsayin da ya haura mita 1,000.

Mai zuwa Sukur da ƙafa yake hawa, a kan hanyar da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu tun zamanin kaka da kakanni. A sama zai tarar da fadar sarkinsu, wanda ake kira Hidi, an gina ta da dutse kan dutse ba siminti. Gonakinsu hawa-hawa suke a jikin tsauni, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Bijimi kuwa a rami ake turke shi, a yi ta ba shi abinci har ya yi ƙiba. Arzikinsu na da shi ne ƙarfe: su tara baƙin yashi daga rafi, su narka, fatake su zo saye.

Sai ga Hamman Yaji, hakimin Madagali. Mutumin nan ya sa ana rubuta masa abin da yake yi daga 1912 zuwa 1927, kuma a cikin kundin nasa har da hare-haren kamun bayi da ya tura Sukur, ana lissafa mutane kamar yadda ake lissafa shanu. Turawan Ingila suka kama shi a 1927, ya mutu a tsare a 1929.

Mulki kuma ya yi ta sauya hannu. Jamus ce ta fara riƙe yankin a cikin Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa ta ɗan riƙe, sannan Ingila ta karɓa. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya. Ke nan yaron da aka haifa a Sukur a 1910 ya ga hukuma huɗu kafin ya yi furfura, alhali bai bar ƙofar gidan ubansa ba.

A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, wuri na farko a Najeriya da ya sami wannan matsayi. A 2014 'yan Boko Haram suka hau dutsen suka cinna wa gidaje wuta, jama'a suka watse. Jinka ta ƙone, katangun dutse suka tsaya. Da ƙura ta lafa, mutanen Sukur suka biyo tsohuwar hanyar nan ta kakanninsu, suka sake ɗora jinka.