Maigida a garinsu, yaron oga a Abuja

Tun kafin rana ta ɓullo ranar Litinin, hanyar Mararaba zuwa Nyanya kan cika maƙil da motoci. Cikin masu sammakon akwai magidantan da a garuruwansu ba a yanke magana sai an ji ta bakinsu. Da sun isa Sakatariyar Tarayya kuwa, sai su koma masu riƙe wa oga jaka, wataƙila ogan ma sa'an ƙaninsu ne.

A Kano ko Katsina, ana auna namiji da gidan da ya fito, da bakunan da yake ciyarwa, da yadda ake ganin ƙafarsa a wurin suna da jana'iza. Abuja, wadda aka kafa da doka a 1976, gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991, ta zo da nata ma'aunin: matakin albashi, unguwar kwana, da babban mutumin da ake ganin mutum tare da shi. Wanda ya ce Maitama ko Asokoro yake, da wanda ya ce Kubwa ko Suleja, ba kallo ɗaya ake yi musu ba.

Tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi na 2003, da sayar da gidajen gwamnati da ya biyo baya a zamanin minista Nasir El-Rufai, sun jefa sababbin ma'aikata hannun masu gidajen haya, masu karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya. Da yawa sai suka bar iyali a Kaduna ko Zariya, suna zaman gwauranci, ranar Juma'a su bi jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa. Uba ya zama baƙon ƙarshen mako, tarbiyyar yara da hidimar yau da kullum suka koma wuyan uwargida.

A gida kuma sunansa "mutumin Abuja". Kuɗin makaranta, na magani, da neman wa ɗan yaya aiki, duk shi ake jira. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashi, amma furta "babu" ya fi cin bashi nauyi a bakinsa.

Ƙasa da ma'aikacin akwai ɗan acaɓan da aka hana shiga tsakiyar birni tun 2006, da mai shayi, da mai gyaran takalmi, waɗanda ake kira "aboki" ko da furfura ta cika musu gemu. Su ma magidanta ne, da gumin nan suke aurar da 'ya'ya a ƙauye.

Hausawa na cewa namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. A Abuja, kafin a kai ga taunawa, an riga an tambayi matakinsa da unguwarsa.