Zaɓen Manhajar Gina Shafin Intanet da Matsalar Baƙaƙen Hausa Masu Lanƙwasa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1991, lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe shafin intanet na farko a cibiyar bincike ta CERN, sai wanda ya iya rubuta alamomin HTML da hannu ne ke iya gina shafi. A yau an sami manhajoji da suka ɗauke wa mutane wannan wahala. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ga duk sashen harsuna ko mujallar da ke buga Hausa, ma'aunin farko wajen zaɓen irin wannan manhaja shi ne yadda take adana rubutun Hausa, kafin a zo ga batun ado ko farashi.

2.0 Ire-iren Manhajoji

Za a iya kasa su gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda ake samu kyauta, kuma kowa na da damar gyara su, a kuma ɗora su kan kwamfutar da mai shafi ya zaɓa. Daga cikinsu akwai Drupal ta 2001, da WordPress ta 2003, da Joomla ta 2005. WordPress ce ta fi yaɗuwa, don kuwa fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. Akwai kuma Open Journal Systems, wadda aka tsara musamman domin mujallun ilimi, tun daga karɓar maƙala da tura ta ga masu tantancewa har zuwa buga ta.

Kashi na biyu su ne na haya, irin su Wix da Squarespace. Suna da sauƙin sarrafawa, sai dai shafin yana zaune ne a gidan kamfanin, kuma kwashe shi zuwa wani wuri ba abu ne mai sauƙi ba.

3.0 Matsalar Baƙaƙe

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na 1963 lambobi 128 kawai ya tanada, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsu. Haka ma tsarin Latin-1 da aka yi domin harsunan Yammacin Turai. Wannan ya sa a da masu buga Hausa suka riƙa amfani da wasu salon haruffa na musamman, inda ake aron lambar wani harafi a zana ƙ a gurbinsa. Da zarar rubutun ya koma wata kwamfuta, sai asirin aron ya tonu.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin. Misali, ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ kuma U+0253. Hanyar da aka fi bi wajen adana waɗannan lambobi ita ce UTF-8. Dukkan manhajojin da aka ambata suna aiki da ita, amma matsala takan ɓullo daga wurare uku.

Na farko shi ne rumbun bayanai. Rumbun MySQL, wanda WordPress da Joomla ke dogaro da shi, ya daɗe yana zuwa a saite kan Latin-1, sai a fitowa ta 8.0 ta 2018 aka sauya. Idan saitin ya saɓa, ƙ takan rikiɗe ta koma Æ™ ko alamar tambaya.

Na biyu shi ne salon haruffa. Idan salon da aka zaɓa ba shi da baƙaƙen masu lanƙwasa, kwamfuta takan aro su daga wani salo, sai su fito bambaraƙwai a tsakiyar kalma. Salo irin su Charis SIL da Andika da Noto suna ɗauke da su duka.

Na uku shi ne alamar da ke gaban 'y, kamar a kalmar 'ya'ya. WordPress takan ɗauke ta a matsayin alamar buɗe zance, ta juya ta baibai, sai an gyara saitin.

Wannan batu ya shafi ma'ana kai tsaye. Idan lanƙwasa ta faɗi, ƙafa ta zama kafa, faɗa ya zama fada, baƙi ya zama baki. Haka kuma ɗalibin da ya nemi kalmar ƙasa a shafin zai iya rasa maƙalar da ke ɗauke da ita.

4.0 Kammalawa

Kafin a tsai da shawara kan kowace manhaja, ya kamata a gwada ta da jimla guda mai ɗauke da dukkan baƙaƙen, manya da ƙanana. A adana jimlar, a nemo ta, a duba ta a wayar hannu, sannan a fitar da ita daga rumbu a sake mayarwa. Manhajar da ta tsallake wannan gwaji ce za a auna ta fuskar kuɗi, da samun ma'aikacin da zai riƙa sabunta ta, da damar kwashe rubuce-rubucen idan an tashi sauya gida. Ga mujallar jami'a, Open Journal Systems ta fi dacewa. Ga shafin sashe kuwa, WordPress ta wadatar.