Ƙurar Hunturu da Kwamfutar Ofis: A Share Ta Kafin Bazara

Yau maganarmu ba ta farashin bijimi ba ce, ta akwatin nan ce da ke ƙarƙashin teburin magatakarda, wato kwamfuta. Da yawanmu ba ma taɓa ta, yara ne ke aiki da ita, amma fa dukiyarmu ce a ciki. Lissafin wanda ya ɗauki shanu bashi a Adumri zai biya bayan ya sayar a Mubi, la'adar dillali, kuɗin mota zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, canjin sefa da naira, hotunan takardun rigakafi da fasfon dabbobi na ƙasashen CEMAC, duk suna can. Ran da ta ƙi tashi, sai ka ga mutum biyu da suka shekara ashirin suna hulɗa sun koma rantse-rantse a kan shanu bakwai ne ko tara.

Abin da ya fi kashe kwamfuta a ƙasar nan ba tsufa ba ne, ƙura ce da zafi. Kwamfuta numfashi take yi. Akwai fanka a bayanta, akwai wata a kan ƙwaƙwalwarta, aikinsu su jawo iska ta ratsa ciki ta fita da zafi. To kun san irin iskar da muke da ita daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Hazon nan mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, can arewa maso gabas da Tafkin Cadi, wurin da masana suka ce babu inda ya kai shi tada ƙura a duniya. Garinta ya fi na fulawa laushi, rufe taga ba ya hana ta shiga. Ƙara da wadda kofato ke tadawa in ofishin yana bakin kara. Duk wannan fanka ke zuƙa wata huɗu cur, tana taruwa tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke sanyaya ƙwaƙwalwa har ta zama kamar bargo.

A hunturu ba za ka gane ba, domin gari da sanyi. Sai Maris da Afrilu sun zo, zafin Garwa ya haye digiri 40, ofis kuma rufin kwano. A nan ne za ka ji fanka tana gurnani kamar injin niƙa, aiki ya yi nauyi, can sai ta ɗauke da kanta ana tsakiyar rubuta rasit. Yaro zai ce maka cuta ce ta shige ta, a kawo kuɗin magani. Sau da yawa ba haka ba ne. An gina ƙwaƙwalwar ne yadda in zafinta ya doshi digiri 100 za ta rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone. In kuma aka bar ƙurar har damina, sai ta sha danshin Binuwai ta dunƙule, ta kama cin ƙananan ƙarafan ciki. Shi ya sa ni a ganina babbar shara a ƙarshen Fabrairu ya kamata a yi ta, sa'an nan a sake wata in damina ta ɗauke. Ofishin da ke cikin kasuwa kuwa, duk wata biyu bai yi yawa ba.

Ga yadda ake yi. A kashe ta, a zare wayar wuta daga bango ɗungurungum, a danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ciki ta fita. A fitar da ita inuwa a waje, don in ka hure ta cikin ɗaki ƙurar nan dai ita za ta sake shaƙa. Noti biyu ne galibi ke riƙe da murfin gefe. Kafin hannu ya shiga, a dafa ƙarfen akwatin. Wannan ba camfi ba ne. Kun san tartsatsin da bargo ko riga ke yi da daddare a lokacin sanyi? To wanda bai kai wannan ba ma, wanda ba za ka ji shi a jikinka ba, ya isa ya lalata abin dubban sefa a ciki.

Sai a sa ɗan injin hura iska irin na masu gyaran rediyo, da burushi mai laushi wanda bai taɓa fenti ba. A hura kaɗan-kaɗan daga ɗan nesa. A tokare fanka da yatsa ko tsinke yayin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Kada a hura da baki, akwai yawu. Kada kuma a kai ta wurin mai faci, domin iskar tankinsa ta cika ƙarfi, kuma takan fito da ruwa da mai. Jiƙaƙƙen tsumma, kananzir, fetur, babu ɗayansu da ke shiga ciki. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe inda wayar wuta ke shiga. Shi a hura shi ta ramukansa kawai, kada a kwance shi, yana riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum illa ko bayan an zare waya.

Abu biyu a bar wa mai gyara. Tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyayawa akwai wani farin mai kamar man goge baki, yakan bushe bayan 'yan shekaru, sai a goge a sa sabo. Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. In kuka ga kullum kwanan wata yana komawa baya, shi ne ya mutu. Kuɗinsa kaɗan ne, amma rasit mai kwanan wata na ƙarya rigima ce a kan iyaka.

Allon rubutu a kife shi a bubbuga, za ku sha mamakin ɓawon gyaɗa da garin goron da zai zubo. Fuskar gilashi a goge da busasshen ƙyalle mai laushi. Shayi kuwa a nema masa wani tebur.

Akwatin kansa kada a ajiye shi a ƙasa inda tsintsiya ke tada ƙura, a ɗora shi kan benci, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. In an tashi aiki a lulluɓe shi da zane, amma sai bayan an kashe. Ana ganin masu rufe shi da darduma yana aiki wai don ƙura, wannan shaƙe shi ne.

Saura maganar wuta. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da aka gama a 1982, mai ƙarfin megawat 72. In ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta, kamar yadda aka sha fama a 2021. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar da aka buɗe a 2023 sun taimaka, amma wanda ya san bazara ba zai saki jiki ba. Ɗaukewar wuta farat ɗaya ita ce babbar abokiyar gabar faifan ajiya, wanda ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti. In wuta ta yanke yana cikin rubutu, lissafin da ake kai na iya lalacewa. Maganin shi ne akwatin batir da ake ce wa onduleur a shagunan Garwa, UPS a Yola da Kano. Ba don a ci gaba da aiki aka yi shi ba, 'yan mintoci ne yake ba ka ka adana ka kashe cikin natsuwa. Batirinsa ma zafi na cinye shi, a riƙa gwada shi. In za a tada janareto, a bari muryarsa ta daidaita kafin a haɗa kwamfuta. In hadari ya taso da tsawa, a zare komai daga bango.

Masu sayen ta gwanjo, ku duba bayanta kafin ku sa a wuta. Wasu tsofaffi suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutarmu 220 ce, a Kamaru da Cadi, ta Najeriya ma kusan haka. In ta fito daga Amurka maɓallin yana kan 115, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a kwafe lissafin a filashi. Wannan ma bai kamata ya jira ranar shara ba. Duk yammacin cin kasuwa magatakarda ya kwafe a filashi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan shugaba ko ma'aji, don gobara da ɓarawo ba sa barin na cikin durowa. Lokaci-lokaci a buɗe filashin a wata kwamfutar a tabbatar abin yana ciki. Shafin bashi kuwa a buga shi a takarda duk ƙarshen wata, mai bin bashi da wanda ake bi su sa hannu a gaban dillali.