Hoton da ba ya goguwa



A da, in saurayi ya zo zance, yaro yake aikawa a yi masa sallama. A shimfiɗa tabarma a zaure, ƙannen yarinya suna ta kai-komo, uwa tana daga ciki tana lissafin lokaci. Yau zance ya koma cikin bargo, ƙarfe ɗayan dare, babu abin da ke haske a ɗakin sai fuskar waya. A nan ake rubuto mata: “In har kina sona, turo min in gani. Wallahi ina kallo zan goge.”

Yarinya 'yar shekara 15 sai ta sakankance, tunda tun 2021 WhatsApp ya kawo tsarin hoton da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace. Ba ta san da wata wayar a ɗaya hannunsa ba, wadda zai ɗauki hoton da ita kafin ya rufe. Ranar da suka ɓata, sai ga shi a wayoyin 'yan ajinsu. Kowa yana tura wa na gaba yana salati, wai zamani ya lalace. Ita ake zagi, ita ake cirewa daga makaranta. Wanda ya roƙa ya kuma watsa yana nan a majalisa ana shan shayi da shi. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Mai turawa kuwa ya sani, dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta yaɗa hoton tsiraicin wanda bai kai shekara 18 ba, kai har ajiye shi a waya laifi ne.

Maza ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2022, wani ɗan sakandare mai shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya samu saƙo a Instagram daga wata da ya zaci budurwa ce. Ya tura hotonsa. Nan take aka ce ya biya dala 1,000 ko a aika wa danginsa da abokansa. Ya tura 300 da yake da ita, ba su ƙyale shi ba. Kafin gari ya waye ya kashe kansa, alhali iyayensa suna raye, bai iya buɗa baki ya gaya musu ba. Masu wannan ta'asa wa da ƙani ne daga Legas. An miƙa su Amurka, a 2024 kowannensu ya samu ɗaurin shekara 17 da rabi. A shekarar ce kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Nijeriya saboda irin wannan damfara.

Jarin mai barazana shi ne kunyar yaro da tsoron gida. To, iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta zo tana rawar murya, a ajiye bulala tukuna, a zaunar da ita a ji. Kada a biya ko sisi, don wanda aka biya dawowa yake yi. Kada a goge saƙonnin, shaida ce a gaban hukuma. Akwai kuma shafin Take It Down, kyauta ne ga hotunan da aka ɗauka kafin mutum ya cika 18. Hoton ba ya barin wayar yaron: wata lamba ta musamman ake ciro masa, da ita Facebook da Instagram ke gane shi su sauke in an ɗora.